Zuwa Zuru Neman Shokar Babur Saboda Idon Inna

Talata: Bena

Ƙarfe shida da minti goma na safiyar Talata, a ƙofar gidana da ke Bena, muna mu uku: ni, da ƙanena Umaru, da maiɗakina Hajara tana riƙe da kofin kunu. Zan faɗi dalilin tafiyar tun farko, don kada wani ya tare ni a kasuwa da tambaya.

Mahaifiyarmu, Inna, tana zaune a tungarmu, kilomita tara daga Bena bisa agogon babur, kuma da damina mota ba ta shiga can. Yanar ido ta rufe mata ido biyu. Likita a Zuru ya ce a kawo ta ranar Alhamis a yi wa na dama aiki Juma'a, ya kuma ce bayan aiki ba a son jijjiga. Ita kuwa, tun ranar da babur ɗina ya buga ta a wani rami har ta ciji harshe, ta ce, "Wanga babur naka ba ni ƙara hawa nai, Sani. Gara in zamna da duhuna." Wanda ya san Inna ya san ba ta magana biyu. Kuma tana da gaskiya. Shokar baya, wadda ke shanye jijjigar rami, ta mutu, ta gaba kuwa mai ke zuba yana bin ƙarfe har taya.

Garba bakanike ya ce in bar masa babur ya kwance tsohuwar shoka in tafi da ita. Na ƙi. Babur a buɗe a shagon bakanike, mai shi yana wani gari, na san abin da ake cirewa a maye da wani. Shekara ashirin ina awon hatsi a kasuwar Bena, ba wanda zai koya mini awo. Na sa Umaru ya hau ya dafe ƙasa da ƙafa biyu don babur ya tsaya sak, domin ba na awo a karkace. Na ɗora karan dawa daga notin sama zuwa na ƙasa, na yanke da reza, na sake gwadawa sau biyu.

Hajara ta ce, "Malam, sai ka ce mai zuwa sayen takalmin yara."

Na ce ta ba ni kununa.

Bena zuwa Zuru

Bas ta tashi bakwai da minti ashirin da biyar, mu ne na uku a jerin motoci huɗu, domin a wannan hanya ba mai tafiya shi kaɗai. Ba zan rubuta kuɗin mota ba, kafin ku karanta ya canza. Na sa karan cikin riga don kada ya karye. Mutumin da ke gefena, wanda ban san fuskarsa ba, ya yi mini tambaya uku a jere: ina za ni, me zan saya, yaushe zan dawo. Na ce gaisuwa za ni. Ya sauka a Wasagu, na bi shi da ido har ya shiga lungu.

Shinge uku muka wuce, biyu na soja, ɗaya na 'yan sa-kai. A Ribah muka tsaya goma da minti biyar, na ci ƙosai, man ya kwana. Muka shiga Zuru sha ɗaya da rabi.

Zuru: shaguna uku

Shago na farko na wani Inyamiri ne, Emeka, mai furfura a gemu, Hausarsa ta fi ta wasu da aka haifa a nan. Na faɗa masa irin babur ɗina, na ce ina son shoka mai ƙarfi, ba irin wadda kamfani ya sa ba, amma mai taushi ga tsohuwa. Ya sauko da guda biyu masu jan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke naɗe da shoka, ya nuna mini zoben da ake murɗawa a ƙara tauri ko a rage. Na bincika bisa tsari. Na farko, na kankare da farce, in ga ko tsohuwa ce aka yi wa fenti. Na biyu, na sansana bakin, in ji ko mai ya taɓa fita. Na uku, na fito da karana na ɗora. Shokar ta fi shi tsawo da yatsa biyu.

Na ce, "Oga, wannan ba tawa ba ce."

Ya ce, "Malam, taka ce. Irin babur ɗinka ita yake ci. Karan ne gajere."

"Karan ba ya ƙarya."

"Ban ce yana ƙarya ba. Wa ya auna?"

"Ni."

Ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi fita. Na san wannan hali. Mai kaya in abin da ake nema ba ya hannunsa, sai ya ce awon mai saye ne ba daidai ba.

A shago na biyu na tarar mai shagon yana ajiye waya. Ya kawo mini shoka, ita ma ta fi karan da yatsa biyu cif. Na ce a raina, an riga an kira shi.

Shago na uku yana bayan tasha, mai shi yana da fara'a da yawa. Bai tambaye ni irin babur ba. Ya karɓi karan, ya shiga ciki, ya fito da shoka, ya jera su a kan tebur, daidai kamar tare aka yanke su. Ya ce, "Alhaji, ai kai ka san abin da kake yi." Na saya. Kayan gaba kuwa, wato sifirin na cikin ƙarfe da robar da ke riƙe mai, ya ce babu mai su sai Emeka. Na yi Azahar, na ci shinkafa da wake, na koma shagon farko ba don ina so ba.

Emeka ya haɗa mini sifirin biyu, roba biyu, da kwalbar man shoka. Da na buɗe buhu zan zuba, ya hango abin da ke ciki, ya dafe kai.

"Kai! Malam, wannan ta ƙaramin babur ce, irin na mata masu zuwa makaranta. In ka ɗaura ta, ka ɗauki Mama, taya za ta riƙa cin madigadi. Tsaya. Lokacin da ka auna, akwai mutum a kan babur?"

Na ce ƙanena ya riƙe mini shi.

"Ya riƙe, ko ya zauna?"

Na dubi karan. Ya leƙa waje ya kira wani ɗan kabu-kabu mai irin babur ɗina. Na ce a'a, wannan mutuminsa ne, na ga sun gaisa. Na fita titi da kaina, na bar uku suka wuce, na tsayar da na huɗu, wani Badakkare, ɗan ƙasar Zuru, mai hular sanyi, na tambaye shi ko ya san mai shagon nan. Ya ce bai taɓa shiga ba. Emeka ya ce ya zauna a kan babur ɗinsa, in ɗora kara. Na ɗora, ya yi daidai. Ya ce ya sauka ya kafe babur a kan babban sitan, tayar baya ta bar ƙasa. Na sake ɗorawa. Shokar ta miƙe ta wuce karan da yatsa biyu.

Ɗan kabu-kabun ya ce, "Baba, in an gama awona zan tafi, ko kuwa har ni za a saya?"

Na sallame shi. Umaru ma a zaune yake lokacin da na yi awona, kuma ba ƙaramin nauyi gare shi ba. Abin da na auna shoka ce a danne. Na rubuta wannan a fili domin haka ya faru.

Na koma bayan tasha, shagon a kulle. Na zauna a kan benci daga biyu da rabi har huɗu da minti ashirin. Da ya dawo, fara'ar ta ragu. Ya ce, "Ai kai ka kawo awo." Na ce shi kuma bai tambayi babur ba, kuma ya san abin da ya ba ni. Sai da Emeka ya rufe shagonsa ya tako, suka yi magana a gefe, sannan mai shagon ya karɓi kayansa ya mayar mini da kuɗina. Abin da suka ce ban ji ba, kuma har yau ina tunaninsa. Na bi Emeka shagonsa na ɗauki masu jan sifirin. Motar Bena ta ƙarshe ta tashi tun ƙarfe biyu.

Na kwana gidan ɗan gwaggona Bawa, tsohon soja. Matarsa ta kawo tuwon dawa da miyar kuka. Da na ba shi labari ya yi dariya har da tari, ya ce, "Mai awo an auna shi." Ban taya shi ba. Saura mini yini ɗaya.

Laraba: komawa

Mun tashi bakwai da minti goma. A shingen da ke bayan Ribah soja ya ce a buɗe buhuna. Ya ɗaga shoka ɗaya yana juya ta, ya ce, "Baba, wa za ka kai wa wannan? Ka san su wa ke neman irinta a daji?"

Na ce na sani, amma tawa ta ɗaukar tsohuwa ce. Ya ce in sauko. Ya tambaye ni sunana, sana'ata, da sunan mai unguwarmu, ya sake tambaya daga ƙarshe zuwa farko. Na nuna masa katin asibitin Inna. Fasinjoji suka fara tsaki. Direba ya sauko ya ce, "Ofisa, wannan mai awo ne a Bena. Duk wanda ya taɓa sayen dawa ya san shi, ƙwaya ɗaya ba ya ƙarawa. In 'yan daji suka aiko shi, faɗa za su yi." Sojan ya yi murmushi ya miƙo buhun. Minti arba'in muka ɓata. Ban ji haushinsa ba. Da ni ne a wurin, da na ƙara wasu tambayoyin.

Mun isa Bena sha biyu da kwata. Na tura babur shagon Garba, na jawo kujera na zauna a gabansa. Ya ce, "Malam Sani, ko za ka karɓi sifana ne?" Na ce ya yi aikinsa. Shokar baya ta shiga ba gardama, babur ya ɗaga kamar an yi masa allura. Da ya buɗe ta gaba, man da ya fito baƙi ne ƙirin, yana wari. Ya sa sabon sifirin da roba, ya ɗauko man inji zai tuttula da ido. Na riƙe hannunsa. Emeka ya ce man shoka za a sa, kuma ƙafa biyun su sha daidai, in ba haka ba kan babur zai riƙa ja gefe. Na auna da kwalbar magani mai layi, na zuba da kaina. Na murɗa zoben baya zuwa mataki mafi taushi. Tsofaffin kayan na kwashe su zuwa gida. Bayan La'asar na wuce tunga.

Alhamis: tunga

Ƙarfe shida saura minti biyar na fito da babur ƙofar ɗakin Inna. Ta fito da sanda, ta lalubo sirdi, ta danna da hannu, ta saki, ta sake dannawa.

Ta ce, "Na wa ka aro?"

"Nawa ne, Inna."

"Ƙarya kakai. Naka ƙara shikai kamar tsohon gado."

Na kama hannunta na ɗora a kan lanƙwasar da ke jikin tanki, inda akuyarta ta taɓa ture shi. Ta shafa, sannan ta ce, "To. In na ciji harshe sau guda, sauka nikai, ko tsakar daji ne."

Na tafi a giya ta biyu. Rami na farko na ji ta ƙanƙame rigata, babur ya nutsa ya taso, ta sassauta. Haka muka tafi har kwarin da ke tsakiyar hanya, inda ruwa ya yanke ƙasa. Nan ba shokar da za ta yi aiki. Ta sauka, na ja ta a ƙafa muka haye, na koma na turo babur. Mun isa tashar Bena bakwai saura minti biyar. Muka shiga mota, aka kwantar da ita a asibitin Zuru Alhamis da rana, aka yi aiki Juma'a da safe.

Lahadi: gida

Muka dawo da bandeji a idonta. Umaru ya tare mu a Bena da babur. Kilomita tara na yi su a awa ɗaya da kwata. An yi ruwa kwana biyu, kwarin ya ƙara zurfi, gefensa ya yi santsi, ba yadda za ta taka. Na durƙusa na goya ta. A tsakiyar kwarin ƙafata ta zame, na dafe ƙasa da hannu ɗaya, Allah ya kiyaye. Ta ce a kunnena, "Babur ya fi ka taushi, Sani." Mun shiga tunga ɗaya da rabi. Washegari da aka ɗaga bandejin don sa magani, ta dubi Umaru, wanda ya biyo mu tunga, ta ce ya yi ƙiba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Bawa da matarsa, da direban Laraba. Emeka ya faɗi gaskiya a kan tsawo, wannan na shaida. Ko kayansa na da ƙarko, ban yanke hukunci ba, kowace safiya ina shafa ƙarfen da yatsa in ga ko mai ya fito.

Saura idon hagu, likita ya ce bayan mako shida, kuma damina ba za ta ƙare kafin nan ba. Ba zan sake goya tsohuwa mai sabon ɗinki a cikin wannan kwari ba. Saboda haka, ku mutanen tunga da ke zaune a Bena, da duk mai gona a wannan hanya, ina roƙonku ku fito Asabar mai zuwa ƙarfe bakwai na safe. Kowa ya zo da shebur ko diga da buhu biyar, masu amalanke su kawo dutse. Wanda ba zai zo ba, ya zo rumfata ya faɗa mini da bakinsa, kada ya aiko.