Batiran Ramiz da Tanderun Umma

Ni na kusa ƙona gidanmu, ba Ramiz ba. Gara in faɗa tun daga farko, don har yau akwai masu ba da labarin a juye a ƙauyen nan namu na yankin Akkar, can arewa da Beirut, ni kuwa ba ni da lokacin bin su gida-gida.

Ramiz ƙanena ne, shekara shida na ba shi. Tun yana ƙarami ba a ajiye abu mai waya a gabansa. Sau uku yana farke rediyon Baba, sau biyu yana mayar da ita daidai. Boko bai karɓe shi ba, shi ma bai matsa ba. Yana ɗan sha bakwai ya tafi Beirut, ya yi shekara ashirin yana gyaran lif a dogayen benaye. Da ƙasa ta durƙushe, aka rasa lantarkin da zai ɗaga lif ɗin, sai ga shi gida da jaka ɗaya da akwatin kayan aiki, ba mata, ba sana'a.

A lokacin awa ɗaya ko biyu ake ba mu wuta a yini, in an ga dama. Samarin ƙauye kuwa sun gano hanyar Tarabulus, birnin bakin teku da ke kusa da mu, inda ake cusa mutane cikin kwale-kwale a nufi Italiya. Wasu sun isa. Wasu har yau iyayensu waya suke kallo. Ramiz ya fara tambayar mutane kwana nawa ake yi a teku, wai hira ce kawai. Duhu bai dame mu ba, ni da Umma. Wannan hirar ce ta hana mu sakat.

Ana haka ya dawo daga kasuwa da buhun tsofaffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka. Na ce masa in bola yake so ai da ya yi magana, muna da ita a bayan gida. Bai kula ni ba. Ashe in ka fasa kowane batir akwai 'ya'ya shida a ciki, kowane bai wuce babban yatsa ba, kuma sau da yawa ɗaya ne ya mutu ya ja wa sauran. Sai ya zauna yana auna su ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta wa kowane lamba. Wanda ya kumbura ko ya cika zafi ya ware shi gefe. Masu lafiya ya jera su cikin akwati ya haɗa, su sha caji in an kawo wuta, su ba mu haske in an ɗauke.

Akwatin farko ya kunna mana ƙwan lantarki uku da fanka. Na biyu maƙwabcinmu Abu Jirjis ya ɗauka, don ƙaramin firjin da yake ajiye allurar ciwon sukarinsa. Kafin kaka ta wuce mutane sun fara sallama a ƙofarmu, wannan da ƙwan kaji, wancan da kwalbar man zaitun. Ramiz ya daina zancen teku. Har ƙiba ya yi.

To, ga inda na shigo. A gidajenmu ba a barin kaya tsirara. Talabijin da mayafinta, keken ɗinki da nasa, har tukunyar gas sai an ɗinka mata riga. Shi kuwa babban akwatin Ramiz yana zaune a falo, wayoyi ja da baƙi sun yi cirko-cirko, baƙi na shigowa suna kallo. Ya sha gaya mini kada in ɗora komai a kai, wai iska yake sha ta ramukan gefe. Na ɗauka iyayi ne irin na masu gyara. Na yi mako biyu ina saƙa masa mayafin ulu mai kauri, da furanni ja, ya sauka har ƙasa. Wata Talata da hantsi, Ramiz ya fita, na lulluɓe shi, na ja baya ina yaba aikina.

Da azahar aka kawo wuta. Ina kicin na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, sannan wani huci kamar na tukunyar da ta tafasa. Kafin in iso falo ya cika da farin hayaƙi. Allah ya sa Ramiz ya dawo, yana bakin ƙofa. Ya kashe wutar gidan, ya kore mu waje, ya sa shebur ya kinkimo akwatin ya jefar a tsakar gida. Yana zuba yashi 'ya'yan batirin na fashewa ɗaya-ɗaya. Labule ya tafi, hannunsa na dama ya sale. Bayan bangon falon kuwa garwa tara ce ta man zaitun, ga rufin katako.

Umma ta tambayi abin da ya faru. Ramiz ya ce akwai ɗan batir ɗaya da bai yarda da shi ba, amma rowa ta hana shi yarwa. Bai ambaci mayafi ba, alhali na ga lokacin da ya tura ragowarsa ƙarƙashin yashi da ƙafa. Umma ta ce daga ranar batir ya bar gidanta. Bai yi musu ba. Ya kwashe kayansa cikin buhu, kuma a makon sau biyu yana zuwa Tarabulus ba ya dawowa da komai.

Kwana tara na yi da abin a cikina. Kunya nake ji, ga tsoro, don na san in teku ta ci yaron nan da hannuna na tura shi. Ran na goma muna tsince alkama na faɗa wa Umma komai.

Ta ture alkamar gefe, ta dube ni. "Shekara arba'in da huɗu, Ibtisam, amma hankalin bai iso ba. Abin da ke numfashi kika sa wa bargo?"

Ta sa aka kira Ramiz. Ta dogara sandarta, muka bi ta har ƙarshen gonar bayan gida, inda tsohon tanderunta yake. Tun da gwiwa ta hana ta gasa gurasa ba wanda ya leƙa shi sai kaji.

"Shekara hamsin ina hura wuta a nan, ko tsinke bai taɓa kamawa a waje ba," in ji ta. "Ku kun kawo abin wuta kun ajiye kusa da labule. Zuba su ciki. In sun ga dama su yi ta fashewa."

Ramiz ya zura kai ciki, ya ƙwanƙwasa yumɓun, ya auna taku nawa ne zuwa gida. Ya ce zai yi. Ya share shi, ya shimfiɗa yashi a ƙasa, ya yi masa murfin ƙarfe mai huji da rumfar kwano saboda ruwa, ya ja waya. Duk akwatin da ya haɗa sai ya yi kwana uku yana caji a tanderu kafin ya shiga gidan kowa. Wanda ya yi shakka a kansa kuwa, ko na zinariya ne, bokitin yashi. Ya bi gidajen da ya taɓa kai wa akwati, ya fitar da su daga ɗakunan kwana, ya ɗora kowane a kan bulo. Ni ya ɗauka 'yar rakiya, wai mata sun fi jin maganata. Gida uku muka tarar an riga an saƙa mayafi.

Duk da haka ba mu san me ke ransa ba. Wata safiya muna karyawa da gurasa da zaitun, Umma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ta ji wai akwai jirgin ruwa da zai tashi daga Tarabulus ranar Laraba.

"Akwai," in ji Ramiz. "Sun ajiye mini wuri."

Na ajiye lomar da ke hannuna.

"To?" in ji Umma.

"Na ce su ba wani. Laraba ungozoma za ta kawo batiranta, tana so ta daina karɓar haihuwa da fitilar waya. Yaya, miƙo man nan."

Na miƙa masa. Ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba, kuma ban ɓoye ba, kuka na yi sosai a gabansu. Umma ta ce in tashi in ɗora shayi tunda ba ci zan yi ba.