Agogon Inna a kan ƙotar fartanya

Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malami ya maimaita sunana kafin in ɗaga kai, amma wannan abu ya daɗe yana cina a rai, shi ya sa na ce bari in rubuta muku. Wallahi da idona na gani, da rana tsaka kuma, ba labarin wani aka ba ni ba.

Lokacin ina ƙaramar sakandare ne, a ƙauyenmu da ke gefen hanyar Gezawa, ana tsakiyar yankan dawa. Wasu mutane daga wata jami'a suka zo ɗakin shan magani na garinmu suka raba wa tsofaffi masu hawan jini agogon hannu, baƙi, mai 'yar koriyar fitila a ƙasansa. Kakata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta samu ɗaya. Ma'aikaciyar lafiyar garin, Malama Rabi, ta nuna mana wata siffar mutum a kwamfutar hannunta, babu fuska, sai zuciya tana bugawa a ƙirji, ta ce wannan kwafin Inna ne, duk abin da jikinta ya yi agogon zai aika masa, likitoci a birni suna kallo. Wai nan gaba kowa a birni da nasa kwafin.

Inna ta leƙa ta ce, "Wannan mai sanƙon ce ni? Ko ɗankwali ba ku ɗaura mata ba?"

Bayan 'yan makonni sai ga Malama Rabi har gida, fuskarta ba walwala. Ta ce kwafin ya nuna zuciyar Inna tana rage gudu tana tsallake bugu, likita ya ce a kai ta birni ba tare da jinkiri ba.

"Ni da na yi sussuka yau da safe?" in ji Inna. "Kwafin ne ba lafiya, shi za ku kai."

Babana ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri mu je, dubawa kawai za a yi."

"Sai an gama girbi."

Duk mun san in ta faɗi haka magana ta ƙare, kuma Baba ba zai iya ɗaga mata murya ba. Ni kuwa ina tsaye a bayan Malama Rabi ina kallon allon, sai na lura jajayen alamun da ke nuna tsallaken bugun ba a warwatse suke ba, a lokutan salla suke: asuba, azahar, la'asar, magariba, lisha. Ni nake kai wa Inna buta, kuma na san kafin ta yi alwala sai ta cire agogon, tana cewa dole ruwa ya taɓa fata, ba ta kuma mayar da shi sai ta gama lazimi. Da ƙyar bakina ya buɗe na ce, "Malama, ai a waɗannan lokutan ba ya hannunta."

"To yana ina?"

Na nuna mata. Wata tsohuwar ƙotar fartanya ce a soke cikin danga kusa da wurin alwala, ta marigayi kakana, Malam, ta yi baƙi ta yi santsi a daidai inda tafinsa yake riƙewa. Tun rasuwarsa ba wanda ya yi noma da ita, sai Inna ta mayar da ita abin rataya.

Malama Rabi ta yi murmushi ta ce, "Ƙanwata, agogon nan ba ya karanta komai sai ya taɓa fatar mai rai." Duk da haka ta kwance shi daga hannun Inna ta rataya a ƙotar, don ta nuna mini.

Jama'a, fitilar ta kama. Siffar da ke allon ta ci gaba da bugawa, amma a hankali, ta yi ta yi sai ta tsaya kamar ta manta, sannan ta ci gaba. Malama Rabi ta ce "Ikon Allah!" ta cire shi ta ɗaura a taɓarya, shiru. Ta ɗaura a reshen darbejiya, shiru. Ta mayar kan ƙotar, bugu ya dawo. Ni tsoro bai kama ni a lokacin ba, son sani ne ya fi yawa, har na miƙa hannu na taɓa icen ko zan ji motsi. Ban ji komai ba, sai dai ɗumi, alhali wurin inuwa ne.

Inna ta ce a buɗe mata sautin bugun. Ta sunkuyar da kai ta daɗe tana saurare, awaki suna ta kuka a turke ba wanda ya kula su, can ta ce, "Haka na Malam ya riƙa yi. Ni nake riƙe da hannunsa a ciwon ajalinsa, na san wannan tsayawar." Ta ƙara da cewa, "Na yi ta roƙonsa ya je asibiti, ya ce sai an gama girbi."

Baba ya ce, "A'uzu billahi. Inna, wanda ya tafi ai ya tafi."

"Na ce maka ya dawo? Tashi ka nemo mana mota."

Washegari aka kai ta birni. Aka manna mata wayoyi a ƙirji aka auna, likita ya ce lallai akwai tsallaken, bai yi nisa ba, kuma an yi sa'a da aka zo da wuri. Abin da ya ɗaure wa Malama Rabi kai shi ne, ta koma ta duba duk lokutan da agogon yake hannun Inna, ko sau ɗaya bai taɓa nuna matsalar ba. Ta kai rahoto, aka ce mata agogon ne ya lalace, aka aiko da sabo. Na faki ido na rataya sabon a ƙotar, ba sau ɗaya ba, bai taɓa ko ƙyaftawa ba. Na tambayi malaminmu na kimiyya, ya ce wataƙila santsin icen ne yake mayar da hasken. To santsi ne yake tsallake bugu?

Inna tana nan da ranta, tana shan maganinta tana faɗa da kaji. Ni dai ban ce muku ga abin da ya buga a jikin icen nan ba, Allah ne masani, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Abin da zan roƙe ku ɗaya ne: in kuna da tsoho a gida kuma aka ce a kai shi asibiti, ku lallaɓa shi ku kai shi ranar. Ba kowane gida ne yake samun wanda zai zo ya taya ku roƙo ba.