Neman Fili a Tsibiri

Shekarar da hukumar gari ta rufe ƙaramin ɗakin karatun da nake aiki a Manchester, ita ce shekarar da yayana ya fara maganar tsibiri. Lokacin gwamnati na ta tsuke bakin aljihu, yau a rufe nan, gobe a rage ma'aikata can. Mu bakwai ne a wurin. Aka ɗauki biyu aka mayar babban reshe, sauranmu aka ba mu ɗan kuɗin sallama da takardar godiya. Na kwashe kofina da takalmin da nake sawa a cikin ofis, na hau bas na koma gida.

Yaya yana Birmingham, a Small Heath, shekara ashirin da 'yan kai. Injiniyan ruwa ne, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma tun rasuwar iyayenmu shi ne uba. Sanyin ƙasar ya fara cin gwiwoyinsa. Gidanmu na Kaduna an sayar an raba gado, kowa ya kama gabansa, saboda haka in ya ce zai koma gida, shi kansa bai san inda yake nufi ba. Wani mutumin Zanzibar da suke sahu ɗaya a masallaci ne ya gaya masa cewa a ƙasarsu da kuɗin tsohuwar mota sai ka sayi fili, ga ɗumi, ga kiran salla ta ko'ina. Matar Yaya ta ce ita ba inda za ta, asibiti ba za su ba ta hutu ba, kuma ko sun ba ta maganar ba ta kwanta mata ba. Sai ya kira ni.

"Auta, tunda yanzu ba ki da abin yi, ki raka ni. Kin fi ni ido."

Kwana biyar muka yanka. Muka sauka da hantsi, zafi ya tare mu tun daga ƙofar jirgi, irin mai danshi da ke manne wa mutum riga a baya. Wanda ya zo tarbarmu ɗan'uwan abokin Yaya ne, magidanci mai furfura kaɗan a gemu, yana jin Turanci. Shi ne direbanmu, daga baya muka gane shi ne kuma dillalin.

Ranar farko yawo muka yi cikin tsohon gari. Lunguna ne matsattsu kamar na cikin birnin Kano, sai dai gidajen dogaye ne, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Kasuwar kifi na ji ta kafin na gan ta. Yaya ya riƙa kasa kunne yana tsintar kalmomi a bakin mutane: sabulu, asuba, Alhamis, duk kusan yadda muke faɗa. Duk wadda ya tsinta sai ya juyo ya dube ni, kamar ya kawo wata sabuwar hujja. Na ce masa Larabci ne muka ara, su ma suka ara. Ya ce ko ma mene ne.

Washegari aka kai mu gonar kayan yaji. Tun ina yarinya nake jefa kanumfari a kunu, ban taɓa tunanin daga ina yake ba. Ashe tohon fure ne na wata doguwar bishiya, ana tsinka shi yana ja-ja a shanya a tabarma har ya yi baƙi. Na ga kirfa a jikin bishiyarta, na ga masoron da ke hawa itace kamar wake. Da rana muka shiga kwalekwale zuwa wani ƙaramin tsibiri inda ake ajiye manyan kunkuru, wasu sun kai turmi biyu a haɗe. Yaya bai kula su ba. Tambayar direba yake yi nawa buhun siminti.

Rana ta uku muka fara abin da ya kawo mu. Fili na farko yana arewa, tafiyar awa guda da rabi. Araha kam akwai, amma ba ƙasa a wurin, farin dutse ne mai kaifi da 'yan ƙayoyi, har ya yanka min takalmi. Yaya ya tambayi ruwa, aka ce mota ce ke kawowa. Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa dutsen da makulli, ya miƙe ya ce mu tafi.

Na biyu yana gabas, bakin teku. Wannan ya yi kyau, ba zan ɓoye ba: farin yashi kamar gari, itatuwan kwakwa, ruwan ya janye can nesa, mata sun shiga har gwiwa suna ɗaure wata ciyawar teku a igiyoyi. Kuɗinsa ya ninka abin da aka gaya wa Yaya a masallaci sau uku. Ni ina ɗaukar hoto, shi yana bin turakun iyaka ɗaya bayan ɗaya. A bayan turke na uku ya ga layin busasshiyar ciyawa da robobi, irin wanda ruwa ke bari in ya koma. Sai ya ce mu ci abinci a ƙauyen mu dawo bayan la'asar. Da muka dawo, teku ta shanye kusan kashi ɗaya cikin uku na filin, turken ma kansa kawai ake gani. Direba ya ce ba kullum ba ne, sai wata ya cika. Yaya ya ce ai wata kowane wata yake cika.

Na uku muka gani rana ta huɗu, a tsakiyar tsibirin, nesa da teku da masu yawon buɗe ido. Jar ƙasa ce irin ta kudancin Kaduna, da mangwaro uku manya, da rogo, da ayaba. Akwai rijiya. Yaya ya sa aka jawo guga, ya ɗanɗana, ya ce ruwan daɗi ne. Mai filin dattijo ne siriri, idonsa ɗaya ya yi yana. 'Ya'yansa sun ƙaura babban yankin ƙasar, ƙetaren teku, shi kuma ƙarfin noma ya ƙare, yana so a yi masa aikin ido. Kuɗin da ya faɗa bai fi ƙarfin Yaya ba. Na ga Yaya yana auna filin da taku, yana nuna inda ɗaki zai zauna da inda za a yi rumfa, har ya ce min ga nawa ɗakin can ta gabas.

A kusurwar filin, ƙarƙashin mangwaro na ƙarshe, akwai kaburbura huɗu da aka kewaye da duwatsu. An share wurin tas. Wata tsohuwa tana zaune a gefe a kan guntun itace, da tsintsiya a kusa da ita. Muka yi sallama, ta amsa ba tare da ta ɗago sosai ba. Direba ya ce yayar dattijon ce. Cikin kaburburan, biyu iyayensu ne, biyu kuma 'ya'yanta ne da suka rasu suna ƙanana. Ta yi wata magana gajeriya, direban ya yi kamar bai ji ba, sai da na ce ya fassara.

"Cewa ta yi, in kun yi katanga, ta ina za ta shiga?"

Yaya ya ce a gaya wa tsohuwar za a bar mata ƙofa, da makullinta a hannunta. Aka gaya mata. Ta ɗaga haɓa ta nuna filin maƙwabta. Doguwar katanga ce an jera fasassun kwalabe a kanta, ciki ba gini, ciyawa ta fi mutum tsawo. Direba ya ce wani ne da ke zaune a Turai ya saya shekarun baya, sau ɗaya ya zo. Hanyar da suke bi zuwa rafi ta cikinsa take, shi ma ya ce zai bar ƙofa.

A mota ne direban ya ƙarasa mana sauran bayanin da ya kamata a ce tun a Birmingham aka yi. Baƙo ba ya mallakar ƙasa a nan, haya ce ta shekaru masu yawa, da takardu da zirga-zirgar ofisoshi. Hanya mai sauƙi ita ce a sa sunan ɗan ƙasa, kuma shi a shirye yake ya ba da nasa. Yaya ya yi masa godiya, ya ce zai yi shawara. 

Ranar ƙarshe ba mu je ko'ina ba sai bakin ruwa kusa da masauki. Ya naɗe wando ya shiga har ƙauri, ya daɗe a tsaye. Ya ce gwiwarsa ba ta yi masa ciwo ba ko sau ɗaya tun da muka zo. Na tambaye shi to me ya yanke.

"Nan ma baƙi ne mu, Auta. Can ma baƙi. Amma can na san lambar bas."

Ban san ko tsohuwar ce ta sauya masa ra'ayi ba, ko maganar takardu, ko kuwa dama zuwa ya yi ya gani da idonsa ya huta. Bai faɗa ba. Muka dawo muka tarar da ruwan sama a Manchester, ya kama jirgin ƙasa zuwa Birmingham, matarsa ta karɓi ƙullin kanumfari da kirfa ba ta tambayi komai ba. Bayan wata huɗu na sami aikin kwana uku a mako a ɗakin karatun jami'a, a Oxford Road. Yaya ya ci gaba da aikinsa wasu shekaru, aka yi masa aikin gwiwa ɗaya, sannan ya yi ritaya a gidansa.

Direban ya riƙa turo masa saƙo kusan shekara guda, da hotunan wasu filayen. Saƙonsa na ƙarshe cewa ya yi an sayar da filin mangwaron, an yi wa dattijo aikin ido, yana gani. Ina gidan Yaya ranar, na je hutun ƙarshen mako. Yaya ya karanta min, ya ce Allah ya sa alheri, sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa jirgin ƙasan da zan bi zai tashi.