Dokin da Gwani Ya Ɓoye

A unguwarsu Gwani ake ce masa, ko da yake rabin masu kiransa haka ba su san gwanin mene ne ba. Gwanin ces ne, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai. Yana ɗan shekara tara maigadin makarantarsu ya koya masa a kan kwalin da aka zana wa gidaje da biro. Yana da ashirin da shida ya sami laƙabin babban gwani, laƙabin da babu na sama da shi a wasan. Daga nan rayuwa ta koma ta jaka a kafaɗa, yau wannan masauki, gobe wancan zauren gasa. Bai zama na ɗaya a duniya ba, bai ma kusa ba. Da furfura ta fara leƙowa sai ya jera tebura huɗu a falonsa, ya kama koyarwa.

Amma duk shekara sai ya shiga gasa guda. Uwargidansa kaɗai ta san dalili. Shekara ashirin da biyu baya, yana layin likitan haƙori da ɗan allonsa a cinya, ya gano wani taku. Akwai wata hanyar buɗe wasa da manyan 'yan wasa suka haddace. Idan an kai taku na sha bakwai, sai ka miƙa dokinka a ci kamar ka yi kuskure. Taku tara bayan nan sarkin abokin karawa ba shi da wurin ɓuya. Irin wannan sau ɗaya yake ci, don da an buga shi a gasa an rubuta, kowa ya gani. Sai ya ɓoye, yana jiran wanda zai biyo ta hanyar. Wasu su kauce tun a na goma. Wani ya taɓa kaiwa na sha biyar, ya tashi shan ruwa, ya dawo da wata shawara.

"Malam, dokin nan naka sa'an autarmu ne fa," in ji uwargidan. "Ita har ta yi aure, shi yana ɗaure."

Cikin ɗalibansa akwai wadda yake kira 'Yar Sauri, don hannunta kan riga kanta isa allo. Shekara goma sha ɗaya tana zuwa falon. Bana ta kai inda nasara ɗaya ta rage mata ta sami laƙabin da yake da shi. Ranar jajiberin wasan ƙarshe na gasar da take bugawa ta shigo da yamma, ta ajiye kwamfutarta a tebur.

"Baba, an haɗa ni da dogon nan mai tabarau. Kunnen doki ba zai yi mini ba, sai na ci."

Gwani ya san shi. Mutum ne mai bin abin da ya haddace tiryan-tiryan, kuma wannan hanyar yake bi. Shekara uku Gwani yana fatan a haɗa shi da dogon.

Ya daɗe yana goge tabaransa da bakin riga. Sannan ya jera allo, ya buga taku sha shida, ya ɗora yatsa a kan dokin ya tura.

"Haba Baba! Ko tsufa ne ya iso?"

"Ci mana, tunda kyauta ce."

Ta ci. Bayan taku biyar dariyar ta ɗauke. Ta jawo kwamfutar ta ce bari ta tambaye ta. Shi bai taɓa tambayarta ba duk shekarun nan, gudun kada ta ce takun banza ne. Ya tashi ya ce zai duba ko ruwan shayi ya tafasa, alhali ba a ɗora ba. Yana tsaye a kicin har ya ji muryarta.

"Da farko ta ce shirme ne. Yanzu ta tuba, Baba!"

Washegari yana cikin 'yan kallo, hannu a baya. Dogon ya ci dokin, ya zauna minti arba'in riƙe da kai, daga ƙarshe ya miƙa mata hannu. Kafin yamma takun ya shiga wayar kowa, da sunanta a jiki.

"Zan gaya musu naka ne," in ji ta a bakin ƙofa.

"Wa ya zauna a kujerar, ni ko ke? Je ki, mamarki na jira."

Bayan wata biyu takardar shiga gasa ta iso. Ta kwana huɗu a kan tebur, har kofin shayi ya yi mata zobe.

"Malam, ba za ka cike ba?" in ji uwargidan. "Jibi ake rufewa."

Ya duba takardar, ya juya bayanta, ya ga fari ne tas.

"Bar ta nan," ya ce. "Yaran za su rubuta wasa a kai."