Yadda Baba Ribas Ya Koyi Miƙar Kyanwa

Kai jama'a, in dai ana maganar yin baya da mota to a bar wa Baba Ribas kayansa, shi ya sa ma sunan ya bi shi har jikokinsa Ribas suke ce masa yana amsawa. Shekara talatin da ɗaya yana jan babbar motar wani kamfanin sabulu, tsohuwa ce shuɗiya, Gimbiya yake ce mata, kullum da safe sai ya shafa mata goshi ya ce kin tashi lafiya kafin ya murɗa makulli. Da wankin mota ya fara tun yana saurayi, yana wankewa yana leƙen yadda ake sa giya, har ranar da wani direba ya ce ɗan gyara min tsayuwarta, shi ke nan fa, tun daga ranar bai sauko ba.

Ƙofar siton da ake lodi a ƙarshen wani lungu take, ginshiƙi dama ginshiƙi hagu, in mota ta shiga abin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Sauran direbobi sai an tsaya musu ana zo zo zo, tsaya tsaya! Baba kuwa kai kawai yake zurowa ta taga, ya murɗa wuya baya kamar mujiya, hannu ɗaya a sitiyari, suuu ya shige. Madubi fa? Ai hularsa yake ratayewa a kai. Cewa yake madubi na masu kwalliya ne.

To ana nan ana nan sai wuya ya fara gardama. Yau ya ƙi hagu, gobe ya ƙi dama, har ta kai in matarsa Inna ta kira shi daga baya sai ya juyo gaba ɗayansa kamar ana juya firji. Bai gaya wa kowa a wurin aiki ba. Ran wata Talata ya zuro kai zai waiwaya, wuya ya ce ina! Sai ji aka yi ƙuuu, Gimbiya ta goge ginshiƙi, fentinta shuɗi ya zauna a jiki raɗau kowa na gani.

Manaja mutumin kirki ne amma bai ɓoye masa ba. Ya ce, "Baba, ka je ka huta sati uku. In ka dawo ka shigar da ita a gabana. Ta shiga lafiya, makulli naka ne. In kuwa ba haka ba, ga kujera can bakin ƙofa, ka riƙa buɗe wa motoci."

Buɗe wa motoci! Wato ya tsaya yana ɗaga wa wani hannu yana wucewa da Gimbiya. Ranar ko shayi bai iya sha ba.

Autarsa tana aiki a wani ƙaramin asibiti, ɓangaren da ake gasa wa mutane jiki ana motsa musu gaɓoɓi. Ta sa likitansu ya duba shi, aka ce ba abin da ya karye, jijiyoyi ne suka ɗaure tamau. Sai ta zo gida da wata 'yar shimfiɗar roba ta baza a tsakar falo ta ce, "Baba, yoga za ka yi."

"Yo me?"

"Miƙa ce da numfashi, a hankali a hankali. Durƙusa, hannu biyu gwiwa biyu. Ja numfashi ka saki ciki ƙasa. Sauke numfashi ka gantsaro baya sama kamar kyanwa ta tashi daga barci. Sau biyar kawai."

"Da gemuna? Kyanwa?"

Inna na bakin ƙofa ta ce, "Yi mana Malam, ai dama gashin bakin akwai."

Ya yi dai yana ƙunƙuni. Auta ta koya masa ɗaga kafaɗu zuwa kunne a sake su, da karkata kai kaɗan a tsaya a yi numfashi biyar, ta ce gobe a ƙara, ta tafi aiki.

Ai fitarta ke da wuya Baba ya zauna ya yi tunani irin na direba. Tafiyar da za a yi a sati uku, in an taka totur ai kwana biyu ta isa! Sau biyar ta ce, shi ya yi hamsin, fat fat fat kamar mai ba da iska a taya. Wuyan kuma da aka ce a karkata a hankali, sai ya naɗa tawul a kai ya kama bakin biyu yana fizga yana cewa za ka juya ko ba za ka juya ba. Ya koma miƙar kyanwa zagaye na biyu, ya gantsare iya ƙarfinsa, sai baya ya ce ƙas, ya tsaya cak. Ba gaba ba baya. Baba Ribas guda, ribas ya gagara!

"Innar yara! Zo ki tura ni!"

Inna ta zo ta gan shi, dariya ta kayar da ita a kujera har ɗankwali ya zame. Kyanwar gidan ma ta shigo ta tsaya gabansa, ta yi miƙarta a tsanake, ta kalle shi ta wuce. Ya ce wallahi da gayya ta yi.

Da tawul mai ɗumi aka samu ya kwanta. Auta ta dawo da yamma ta ji labari, ba ta yi faɗa ba, zama ta yi kusa da shi ta ce, "Baba, in sabon direba ya saki kuloci gaba ɗaya, me ke faruwa?"

"Mota ta yi tsalle ta mutu mana."

"To kai yau me ka yi?"

Sai ta kama hannunsa ta nuna masa, ashe ko a kwance yatsunsa a dunƙule suke kamar yana riƙe da sitiyari, kafaɗunsa sun kusa taɓa kunne, haƙora a cije. Shekara talatin da ɗaya mutum yana tuƙi ko a kan gado! Ta ce buɗe yatsa ɗaya. Ja numfashi. Buɗe na biyu. Kafin a kai na goma Baba ya yi minshari, irin na injin da ke tsaye yana aiki.

Daga ranar ya bi a hankali. Safe da yamma, biyar biyar, yana yi yana lallashin wuyan kamar yadda yake lallashin Gimbiya a kan tudu, yi haƙuri, kaɗan kaɗan, ba sauri muke ba. Sati na biyu ya ga kafaɗarsa ta dama. Sati na uku Inna ta saci tsoka daga kwanonsa ta gefe ya ce na gan ki! Ta yi guɗa.

Ranar gwaji 'yan lodi duk sun bar kwalaye sun yi layi, Manaja na tsaye da takarda. Baba ya hau, ya shafa sitiyari, ya rufe ido, ya ɗaga kafaɗu ya sake, ya ja numfashi ɗaya, biyu, uku...

"Ya suma! A kawo ruwa!" in ji wani ɗan lodi, har ya rugo da bokiti.

"Kai tafi can, numfashi nake!"

Ya sa giya, ya zuro kai, wuya ya juya lafiya lau, ya juya, ya juya, sai ya tsaya. Saura kaɗan. Yana ganin ginshiƙi amma ba ya ganin ƙarshen mota. Da can ne da ya fizga da ƙarfi kome ta fanjama fanjam. Yanzu kuwa ya san inda fizga take kai mutum, ya tuna kansa a tsakar falo kyanwa na kallonsa. Sai ya taka birki, ya sauke numfashi, ya miƙa hannu ya cire hularsa daga kan madubi, ya goge ƙurar shekara da shekaru da bakin riga. Ga ƙarshen Gimbiya nan tar, ga ginshiƙi. Ya saki kuloci kamar mai ajiye jariri, ta shiga suuu, ko kwali ba ta taɓa ba.

Wurin ya kaure da ihu, mai bokiti ya sheƙa wa kansa ruwan don murna. Manaja ya ninke takardarsa ya ce, "Makulli naka ne Baba. Amma kamar na ga ana duba madubin masu kwalliya?"

Baba ya kafa hularsa ya ce, "Ranka ya daɗe, gemuna nake dubawa."

Yanzu in ka biya ta siton da hantsi za ka tarar da ƙarti bakwai sun shimfiɗa kwalayen sabulu sun durƙusa, Baba Ribas na zagaya su da kofin shayi yana cewa, "A hankali! Kai mai jar riga, kyanwa na ce, ba jaki ba!"