Maharazu da Layi na Uku

Maharazu bai iya cewa a'a ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Da bakinsa yake faɗa wa mutane cewa shi "to" ɗinsa ba alkawari ba ne, gaisuwa ce. Na san shi tun yana ɗaure kwali a shagon wani a Murshid Bazaar, lokacin ina da ƙarfin zuwa Dubai saro kaya kusan kowane wata. Ɗan Fagge ne, gajere, mai faɗin kafaɗa. Duk 'yar kasuwar da ta kawo masa kaya sai ya ce mata nata ne zai fara shiga kwantena. Mu duka mun san ƙarya ce, amma ɗaurinsa ba ya kwancewa kuma ko cokali bai taɓa ɓata a hannunsa ba, shi ya sa muka haƙura da bakin.

Da ya buɗe ɗan shagonsa na kago, wato na aika wa 'yan kasuwa kayansu gida, mutum biyu ne suka riƙe shi. Alhaji Rilwanu mai firji da injin wanki, da Hajiya Sa'adiyya mai abaya da turare. Sauranmu jaka biyu ne, kwali uku. Waɗannan biyun su ke cika masa kwantena, su ke sa ya biya hayar shago ya sabunta biza.

Siyasa ba shi ya neme ta ba, ita ta same shi. 'Yan unguwarmu da ke zaune a Dubai da masu zuwa su koma suka kafa ɗan zaure na goyon bayan wata jam'iyya ta gida. Daga nan ba a jefa ƙuri'ar Najeriya, kowa ya sani. Abin da zauren ke yi shi ne ya zaɓi wakili ɗaya wanda zai je taron mazaɓa a Kano ya yi magana da yawunmu. Aka kafa sharaɗi: wanda ba shi da katin zaɓe ba shi da baki. Aka ce wa Maharazu ya je ya yi rajista, ya ce to, kuma wannan karon ya cika. Da ya je gida hutu ya bi layi a ofishin rajista, na'ura ta yi ta ƙin karɓar yatsunsa saboda igiya da salatif sun cinye zanen. Sai da aka goge yatsun aka sake gwadawa ya fi a ƙirga kafin ta yarda. Ya dawo yana nuna katin a kasuwa kamar wanda ya samo digiri.

Katin nan shi ya jawo masa. Rilwanu ya fito neman wakilci, Sa'adiyya ma ta fito. Rilwanu ya sami Maharazu a shago ya nemi ƙuri'arsa, ya ce to. Washegari Sa'adiyya ta kira shi otal ɗinta a Al Buteen, ta ba shi shayi, ta nemi ƙuri'arsa, ya ce to. Na tambaye shi yadda zai yi da ƙuri'a ɗaya da masu ita biyu. Ya ce in kwantar da hankalina, ai nan Dubai ce, a takarda za a rubuta a nannaɗe, kowa ya fita yana ganin shi aka zaɓa. Ni ma haka na zata.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka taru a Al Nahda, a gidan hayan Malam Abdulganiyyu, dattijon da ke jagorantar zauren. Falo ɗaya ne, takalma sun cika ƙofa. Aka ja labule, aka ce kowa ya rage murya, ƙasar mutane ce kuma maƙwabta ba sa son hayaniya. Aka duba katin kowa. Sai Malam ya ce 'yan takarar biyu ba su yarda da juna a kan takarda ba, don haka za a yi yadda ake yi a mazaɓa a gida, ƙato bayan ƙato. Kowane ɗan takara ya tsaya, mai sonsa ya tsaya a bayansa, a ƙirga kawuna kowa na gani.

Na dubi Maharazu. Zufa ta keto masa, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

Rilwanu ya tsaya wajen taga, Sa'adiyya ta tsaya wajen ƙofar kicin. Yaran shagon kowannensu suka bi uban gidansu da uwar ɗakinsu. Maharazu ya taso ya zo tsakiyar falo ya tsaya cak.

"Maharazu, yalla, taho, ga wuri na ajiye maka," in ji Rilwanu.

"To, Alhaji."

"Ɗan nan, shayina ka sha fa," in ji Sa'adiyya.

"To, Hajiya."

Bai motsa ba. Ni kuma gwiwoyina ba sa ɗaukar doguwar tsayuwa, kuma shi ne ya fi kusa da ni. Na dafa kafaɗarsa don in huta kafin in ƙarasa wajen Sa'adiyya, don ita na yi niyyar zaɓa. Ba dabara na yi ba, kada wani ya ba ni ladar da ban yi aikinta ba. Sai na ji mutum a bayana. Na waiga, wani mai sayar da wayoyi ne. Bayansa wata mai kayan jarirai, bayanta direban motar ɗaukar kaya. Ashe ba Maharazu kaɗai ya ce wa mutum biyu to ba. Fiye da rabin falon yana cin abinci ne a hannun Rilwanu da Sa'adiyya, kuma babu mai son ɗayansu ya gan shi a bayan ɗayan. Suna ganin layi ya fito a tsakiya suka cika shi, har ya lanƙwasa ya shiga hanyar banɗaki.

Rilwanu ya ce wannan wasan yara ne, mutumin nan bai tsaya takara ba. Malam Abdulganiyyu ya ce dokar zaure ba ta hana mai kati tsayawa a ranar zaɓe ba, abin da ya rage a ji daga bakinsa. Ya gyara tabarau ya tambaye shi, "Maharazu, ka tsaya?"

Da ya ce a'a, da dole ya zaɓi gefe nan take.

"To, Malam," ya ce.

Aka ƙirga. Layinsa ya fi na su biyun ko an haɗa.

Abin da ya ji tsoro ya faru, amma rabi. Rilwanu ya kwashe firjinsa ya kai wani shagon kago, har yau bai dawo ba, ko gaisuwa sai a masallaci. Sa'adiyya kuwa ba ta janye kayanta ba. Ta gaya mini gara ta faɗi a hannun mai ɗaure mata kaya da ta faɗi a hannun mai injin wanki. Maharazu ya sallami yaro ɗaya, ya koma ɗaure kwali da hannunsa kamar dā. Taron mazaɓar kuwa ya je. Waɗanda suka gani sun ce ya zauna a layin gaba, ya amince da duk abin da kowane ɓangare ya kawo, ya dawo kowa na yabonsa. Ban ga abin da zaurenmu ya samu ba, amma ban ga abin da ya rasa ba.

Yana nan a Murshid Bazaar, furfura ta fara fito masa. Duk mai tafiya gida yana tuna masa ya yi rajista, ya kuma shafa wa yatsunsa mai tun ana saura mako. A taron zaure na baya, da aka ba shi dama ya yi jawabi, abu ɗaya ya nema. Ya ce don girman Allah, daga yau duk wanda ya gan shi a tsaye, ko a layin bas ne, ya tsaya a gefensa ko a gabansa, kada wanda ya sake tsaya masa a baya.