Tasalla a Ƙarƙashin Tagar Aji

Duk wanda ya sha fura a Safana a shekarun da arzikin fetur ya fara shigowa ya san Tasalla. Daga rugarsu ta bayan Zakka take ɗauko ƙwarya, ta iso da hantsi. Nononta babu ruwa, ita kuma babu yarda. In ka yabi furarta sai ta leƙa ƙwaryar ta ga me ka jefa. Ranar da masu allurar shanu suka zo, sai da ta sa suka fara yi wa jakin maƙwabci, ta zauna tana jiran ya faɗi.

Ɗanta na fari Uwaisu ne, amma ba a bakinta za ka ji ba. Kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunansa, ko kallonsa a gaban mutane, balle ta ce nata ne. "Wancan" take ce masa, in magana ta yi tsawo ta aika ta wurin surukarta, Goggo Bara'atu.

Da babban hutun damina ya zo, sai wani sabon malami, Armaya'u, ya tsinci yara masu kaifin kai daga firamaren ƙauyuka, ya ce zai buɗe musu ajin hutu a Safana don su koyi tunani. Har da Uwaisu.

"Tunani?" in ji Tasalla ga mijinta Manu. "Da can da ƙafa yake yi? Kai makiyayi ne. In baƙo ya shigo garke ya ware masu ƙiba gefe guda, so yake ya gaishe su?"

Manu ya ce gwamnati ce. Ta ce shi ya sa.

Tun daga ranar ta ɗauke tallarta daga kasuwa ta dasa ƙarƙashin tagar ajin, inda babu mai saye sai ƙuda. Abin da ta ji ya ƙara mata zargi. Ba allo, ba bulala, ba a biya karatu. Malamin sai tambaya: me ya sa randa ke sanyaya ruwa, me ya sa tururuwa ba ta ɓata hanya. Yaro ya amsa, ya ce, "To, me ya sa ka ce haka?" Tasalla ta gane. Wannan ba koyarwa ba ce, latsawa ce, irin ta mahauci kafin ya taya. Za su kwashe masu kai su tafi da su.

Da yamma ta samu surukarta. "Goggo, a gaya wa wancan ya zama wawa. Kome aka tambaye shi ya faɗi shirme."

Uwaisu yaro ne mai biyayya. Washegari Malam ya tambaya me ya sa inuwa ke gajarta da rana tsaka.

"Zafi take ji, Malam, shi ya sa take shigewa ƙarƙashin ƙafar mutum."

Aji ya fashe da dariya. Tasalla ta yi hamdala.

"To, da sanyi fa?" in ji Malam.

"Ai da sanyi ba ta shigewa duka. A wurin kiwo na gani, takan bar kanta a waje, ta gefen arewa."

Sai ga Malam yana tafi shi kaɗai, yana cewa a sake faɗa. Tasalla ta damƙe ludayi. Ko wautar ma yaron nan ya kasa yi yadda mutane ke yi.

Da aka tashi Malam Armaya'u ya fito ya tsuguna gaban ƙwaryarta.

"Sannu, Inna. Daga wajen Zakka kike, ko? Kin san uwar Uwaisu?"

Ta kau da kai. "Nakan gan ta."

"In kin gan ta, ki ce ina so ya zauna jarrabawar sakandare ta Katsina. Ba zan sa sunansa ba sai ta yarda."

"Ta ce daman ta sani."

"Har kin gaya mata?"

"Hanyarmu ɗaya. Ta ce waɗanda kuke ɗauka, kuna maido su?"

"Kowane hutu, Inna."

"Da kansu, ko da wani kan?"

Malam ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban sani ba."

Abin da ya cece shi ke nan. Da ya rantse, da ta kama hannun yaro sai ruga. Amma a rayuwarta ba ta taɓa jin ma'aikacin gwamnati ya ce bai sani ba, kuma maƙaryaci, a saninta, ba ya rasa amsa. Ta daɗe tana juya nono.

"Ta ce ya tafi. Amma ta ce ka sani, ta san gidanku."

"Ni ɗan Batsari ne, Inna."

"Ta san Batsari."

Uwaisu ya ci jarrabawa ya tafi. Kowane hutu in ya dawo, Tasalla kan zauna bayan zana tana sauraron hirarsa da Goggo, tana neman inda aka taɓa shi. Ta yi shekaru tana nema. In aka ce mata ai ba ta samu kome ba, sai ta ce aikin gwanaye ne.